Gumin mai tanderu: abin da ke riƙe ma'aikaci a gidan burodi da abin da ke korar sa

Ƙarfe uku na dare, lokacin da unguwa ta yi tsit sai haushin karnuka, a lokacin ne gidan burodi yake kan ganiyar aiki. Kwaɓi na biyar yana cikin inji, na huɗu yana tashi a gwangwanaye, na uku yana cikin tanderu, ga masu shayi za su fara turo yara tun kafin kiran assalatu. Mutum goma zuwa goma sha biyar ne ke riƙe da wannan duka, yawancinsu samari, singileti ta jiƙe sharkaf, gashin ido ya yi fari fat da fulawa. Idan ka tambayi masu gidajen burodi a Kano ko Kaduna ko Zariya abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya bayan tsadar fulawa da sukari da man dizal, amsa ɗaya za ka ji: yaran yanzu ba sa zama. Ka koya wa yaro aiki, yana ƙwarewa ya tsallake zuwa wani gidan, ko ya koma tuƙin adaidaita.

Tafiyar ma'aikaci tana cin kuɗi fiye da yadda ake lissafawa. Mai tanderun da ya shekara biyu a gida ya san kusurwar da ke ƙona gindin burodi, ya san sahun da za a juya, yana watsa ɗan gari a ƙasan tanderu ya gane zafi ya isa daga yadda garin ya yi ja. Mai kwaɓi yana jefa ƙanƙara a ruwa cikin watan Afrilu ba sai an gaya masa ba, don ya san kwaɓi mai ɗumi yana tashi kafin a gama yanka shi. Ranar da irin waɗannan suka tafi, mai shayi ne yake fara sani, domin burodin ya canza a bakin wuƙa. Sabon da aka ɗauko kuwa sai ya ɓata buhuna kafin hannunsa ya faɗa. Abubuwan da ke korar su a fili suke, kuma da yawa daga ciki gyaransu bai kai asarar kwaɓi guda ba.

A fara da injin murza, don babu abin da ya kai shi nakasa mutane a wannan sana'a. Ƙarafa biyu ne masu nauyi, zagayayyu, suna juyawa suna fuskantar juna. Ana tura kwaɓi tsakaninsu, a ninke, a sake turawa har ya yi santsi. Injin bai san bambancin kwaɓi da yatsa ba. Kwaɓi kuma yana da danƙo, idan ya riƙe yatsu sai ya tafi da tafin hannu gaba ɗaya kafin mutum ya yi ihu, kuma ba a iya fizgewa. Hatsarin kusan hanya uku yake biyowa a ko'ina. Ko dai ana tura ɗan guntun kwaɓin da ya rage da kan yatsu, ko ana kankare ƙarafan alhali suna juyawa don kada a ɓata lokaci, ko kuma wadda ta fi kowacce ban takaici: an ɗauke wuta, inji ya tsaya da kwaɓi a bakinsa, yaro ya sa hannu yana cirowa, can waje wani ya tada janareta, inji ya ci gaba da kansa.

Wannan ta ukun maganinta yana wurin mai gyaran wuta. A cire makunnin nan na ɗagawa da saukewa, a sa mai maɓalli kore da ja wanda ake haɗawa da kwantakta. Irin wannan da zarar wuta ta ɗauke sai ya saki, ko ta dawo inji ba zai motsa ba sai an danna kore. Sannan a yi wa injin wani maɓallin kashewa ko sandar ƙarfe a daidai gwiwa ko ƙugun mai aiki, domin wanda hannunsa ya shiga inji ba shi da hannun da zai miƙa bango. Makunnin da ke nesa da taku uku ado ne kawai. Mai walda kuma ya yi wa bakin injin shinge na rodi, yadda kwaɓi zai wuce ta ƙasa amma hannu ba zai kai ga ƙarafan ba, ya rufe bel da giyar injin da raga. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk sashen inji mai hatsari, to amma ko babu doka, kuɗin waldar bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Wanda zai hau injin ba zobe, ba agogo, ba riga mai faɗin hannu. Mutum ɗaya ne a kansa, ba a yi masa hira, kuma ba a ɗora baƙon yaro a kai don kawai mai injin ya yi fashi.

Idan tsautsayi ya auku, a kashe inji, a kwance notin da ke matse ƙarafan su buɗe, kada a ja hannun da ƙarfi. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a kyalle mai tsabta mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A Kano asibitin ƙashi na Dala ne ya kamata a nufa, ba kemis ɗin bakin layi ba. Ya kamata kowa a gidan ya san wannan tun kafin ranar, har da sanin motar da za a ɗauka da wanda ke riƙe da mukullinta da dare.

To me ya sa yaro mai hankali zai kankare inji yana juyawa? Amsar tana cikin yadda ake biyan sa. Gidaje da yawa suna biya a kan buhu: an kwaɓa buhu kaza, a raba kuɗi kaza. Tsarin yana da daɗi ga maigida, don ranar da ba a yi aiki ba bai biya kowa ba. Sai dai yana koya wa ma'aikata cewa duk mintin da inji ya tsaya daga aljihunsu ya fita. Daga nan ake rage lokacin murza, a cusa burodi a tanderu kafin ya gama tashi, a ƙi tsayawa shan ruwa. Abin da ya fi shi ne a raba biyan gida biyu: wani kaso tsayayye da ma'aikaci zai samu ko an yi aiki ko ba a yi ba, sannan ƙari a kan burodin da ya fito lafiya, ba a kan buhun da aka farke ba. Ranar da fulawa ta yanke a kasuwar Singa ko janareta ya lalace, laifin ba na mai yanka ba ne, kuma iyalinsa za su ci abinci a ranar.

Sai tara. Burodi ya ƙone, a zabtare. Gwangwani ya ɓace, a zabtare wa kowa. Mai shago ya dawo da kwantai, a ɗora wa direba. Babu abin da ke cire wa ma'aikaci son gida kamar ya zo karɓar kuɗi ya tarar da lissafin da bai san da shi ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yarda maigida ya ci ma'aikaci tara yadda ya ga dama ba. Ko asarar da sakaci ko ganganci ya jawo, sai da amincewar jami'in ƙwadago za a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ta fuskar sana'a ma tarar ba ta gyara komai. Idan gefe guda na tanderu yana ƙonawa kullum, tanderun ne yake son magini. Idan burodi yana faɗawa, a duba yis, a duba zafin ruwa, a duba sikeli. Wanda ya san za a ci shi tara ɓoye kuskure yake yi, sai ya tura ƙonannen a tsakiyar leda ya tafi kasuwa da sunan gidan a jikinsa.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da masu karɓar kuɗi a kan yawan aikin da suka yi, shi ya sa ƙananan gidajen burodi da yawa ba ta hau kansu ba. Amma yaran suna da waya, sun san adadin, kuma da shi suke auna abin da ake ba su. Abin da ya fi yawan kuɗin tasiri a zuciya shi ne ranar biya. A tsayar da ita, kada ta motsa. Wanda aka ce masa Asabar ya riga ya yi wa mai shago da mai adashe alkawarin Asabar. Kowa ya san hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, kuma a wannan sana'ar gumin ba misali ba ne, ana ganin sa a ƙasa. A ajiye littafi guda, kowane ma'aikaci da shafinsa: abin da ya samu, bashin da ya ci, abin da ya rage, ya sa hannu ko ya dangwala. Bashi kuma a yi masa iyaka, domin yaron da ya cinye albashin wata biyu gaba ba aiki yake yi ba, gudu yake nema.

Zafi shi ne abokin zaman kowa a gidan. Tanderu yana aiki a kan digiri 200 zuwa 230, a watan Afrilu da Mayu kuma iskar waje kanta tana haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga rufin kwano babu silin. Mai aiki a bakin wuta yana buƙatar kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, wato kusan lita ɗaya a awa, kuma kada ya jira sai ya ji ƙishi. Mutum huɗu a bakin tanderu na awa shida za su tashi da jarka mai lita 25. Ruwan ya zama mai sanyi, a randa ko kula, a kusa da inda suke tsaye. Idan sai an zagaya bayan gida za a sha, ba za a sha ba. Kada kuma a wuce lita ɗaya da rabi a awa, yawansa ma yana da illa. Wanda tsokar ƙafa ko ta ciki ke ɗaure masa gishiri ya zubar a gumi, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne ma'auni mafi sauƙi. Idan ya yi duhu kamar ruwan shayi kuma kaɗan ne, jiki ya bushe.

Nan ne wata ɗabi'a ke shigowa wadda ba a cika maganarta ba. Yara suna tashi aiki da ciwon jiki su haɗiyi ƙwayoyin kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen daga hannun mai tallan magani, wasu kullum. Waɗannan magunguna a jikin da ruwa ya ƙare masa suna taɓa ƙoda. Wasu kuma tiramol suke sha don su jure dare, shi kuwa yana dusashe hankali, yana iya kawo farfaɗiya, a gaban injin murza. Wa'azi kaɗai ba ya hana wannan muddin aikin ya fi ƙarfin jiki.

Sabon ma'aikaci, ko wanda ya dawo daga doguwar jinya ko hutu, jikinsa yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Ranar farko kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aiki a bakin wuta, a riƙa ƙara masa haka kullum. A riƙa karɓar juna a bakin tanderu, wanda ya fitar da gashi guda ya koma inuwa ya huta kafin na gaba. Iska mai zafi sama take tashi, don haka a buɗe mata hanya can ƙarƙashin rufi, a sa fankar zuƙe iska a saman bakin tanderu, tagogin shigowar iska kuma su kasance ƙasa a ɗaya ɓangaren. Fankar tsaye a wurin hutawa ya kamata ta zauna. Idan aka juya ta kan teburin yanka, ƙura za ta tayar ta kuma busar da fatar kwaɓi. Alamar da ba a wasa da ita ita ce ruɗewa: mutum ya fara surutai marasa kan gado, ko tangaɗi, ko ya yanke jiki ya faɗi, ko da har yanzu yana gumi. Ba aljanu ba ne. A fitar da shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hamata da matsematsi, a tafi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Da azumi kasuwar burodi tana buɗewa, ma'aikata kuma ba sa shan ruwa. Gashin da ya fi hatsari shi ne na bayan azahar, wanda ake son ya kai shago kafin buɗa-baki. Gwargwadon iko a mayar da babban aiki tsakanin bayan asham da sahur, na ranar a rage shi, a ƙara hannu, a gajarta tsayuwar kowa a bakin wuta. Malamai sun yi bayanin cewa wanda azumi zai halaka yana sha ya rama, to manaja ya faɗi wannan da bakinsa tun ranar farko, don kunya ba ta barin saurayi ya ce ya gaza a gaban 'yan uwansa.

Ƙuna kuwa ruwa ne maganinta na farko: ruwan famfo ko na buta mai sanyi yana zuba a kai har minti 20 cif. Ban da ƙanƙara. Ban da man goge baki, manja, ɗanyen ƙwai ko fulawa, duk suna riƙe zafi suna kawo ruɓa. A cire zobe kafin wurin ya kumbura, kada a fasa ƙurjin. Ƙunar da ta fi tafin hannu faɗi, ko ta fuska, ko ta gaɓa, ta asibiti ce. Jiƙaƙƙen tsumma ba ya kare hannu daga gwangwani mai zafi, turiri yake zama, don haka safar hannu mai kauri a riƙa ajiye biyu ana musanyawa.

Ƙurar fulawa ba ta da ihu irin na inji, shi ya sa ake raina ta. Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta yadda masu burodi da masu niƙa ke fama da tari da shaƙewa, har yau kuma fulawa tana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma a wurin aiki. Garin da ake ƙarawa don burodi ya tashi ya yi laushi shi ma yana ɗauke da sinadarin da ke tada ita. Abin yana farawa da atishawa da yoyon hanci da jan ido, a ce mura ce. Bayan watanni ko shekaru sai tari da kukan ƙirji, musamman bayan an tashi aiki. Babbar shaida ita ce mutum ya tafi gida hutun salla ya warke sarai, ya dawo da kwana biyu abin ya dawo. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi fulawa, 'yar kaɗan ma tana tada masa, sai dai a kai shi asibiti a kuma mayar da shi wajen rabon kaya ko kanti.

Rage ƙurar aikin hannu ne kawai. A zura bakin buhu cikin kwanon inji a zazzage a hankali, kada a kwararo daga sama. Buhun da ya ƙare a naɗe shi daga gindi, ban da kakkaɓewa. A fara zuba ruwa, a tada inji a ƙaramin gudu na minti biyun farko har gari ya jiƙe. A kan tebur a shafa mai ko a barbaɗa gari da rariya ƙasa-ƙasa maimakon watsawa da hannu. Shara da busasshiyar tsintsiya mayar da ƙurar sama take yi, a kankare a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Takunkumin takarda irin na asibiti ba ya tare wannan ƙura yadda ake zato, sai mai lamba N95 ko FFP2, shi ma idan akwai gemu mai yawa iska tana bi ta gefe.

Masu tanderun itace suna da ƙarin hayaƙi. Bututun ya wuce saman rufi, a riƙa share shi, kuma kada a kuskura a sa taya, roba, katako mai fenti ko baƙin mai a wuta. Janareta a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga. Lokacin hunturu yara kan rufe ƙofofi su kwanta kusa da tanderu ko su kunna gawayi, iskar da ke kashewa a nan kuma ba ta da wari ba ta da launi. Idan mutum uku suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a fitar da kowa waje tukuna kafin a fara zargin abincin dare.

Buhun fulawa kilo 50 ne. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai riƙa ɗagawa, shi ma idan komai ya daidaita. Gidan da ke kwaɓa buhu 20 a dare tan guda yake motsawa, kuma kowane buhu ana ɗaga shi daga mota zuwa sito, daga sito zuwa inji, sannan kwaɓin da ya fito daga buhu ɗaya ya haura kilo 80. Daga nan ciwon baya da ƙaba suke zuwa. Kura ko baro, mutum biyu a kan buhu, jeri kada ya wuce kafaɗa, ɗan dakali a gefen inji da za a ɗora buhu kafin a zuba, kwaɓi kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa kafin a ciro. Silifa a kan daɓen da ya sha mai da gari faɗuwa ce, a saya musu takalmi rufaffe.

Aikin dare tsohuwar rigima ce a wannan sana'a. Gwamnatin juyin juya halin birnin Paris ta 1871 ta hana gashin burodi da dare, a 1925 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan haka. Mu dai mai shayi ba zai jira hantsi ba, don haka sai a rage cutarwar. Tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba jiki ya fi mutuwa, a tsara kada wankin inji ko murza mai yawa su faɗo a lokacin, a bar kowa ya runtsa na minti 20 bi da bi. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai, na rana kuma ba ya yiwuwa a kan buhuna a sito kusa da janareta. Ɗaki ne ake so mai duhu da iska, da katifa da gidan sauro. Wanda ya kwana yana ɗaure leda kada a ba shi mota ko babur ya fita rabo da safe. Doka ta ba ma'aikaci hutun awa ɗaya idan aikin ya kai awa shida, da kwana ɗaya cur a kowane mako, da aƙalla kwana shida na hutun shekara da albashi bayan ya cika wata 12. Lissafin hutun mako mai sauƙi ne: idan aikin na mutum 12 ne kuma ba a rufe gida, mutum 14 za a ɗauka. Gidan da ya ɗauki 12 cif ya riga ya yanke cewa babu mai hutawa sai wanda ya kwanta ciwo. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kuma doka ta hana sa su aikin dare a irin wannan wuri, ciki har da almajiran da ake kira wankin gwangwani.

Ciwo ma yana komawa ga biya. Inda ba aiki ba kuɗi, mai gudawa zai ɓoye ya zo ya sa hannu a burodin da ya riga ya fito daga wuta, wanda babu sauran zafin da zai kashe ƙwayar cuta. Mai gudawa ko amai ya zauna gida har awa 48 bayan abin ya tsaya. Mai ciwon shawara, da mai ƙurji mai ruwa a hannu, kada su taɓa abinci sai likita ya sallame su. Wannan ba zai yiwu ba sai sun tabbata kuɗinsu na nan. Doka ta tanadi har kwana 12 na jinya da albashi a shekara idan akwai takardar likita. Gwajin lafiyar masu taɓa abinci da hukuma ke nema, gida ne ya kamata ya biya, ba a cire a albashi ba. Akwai kuma asusun diyyar ma'aikata na hukumar NSITF a ƙarƙashin dokar 2010: maigida yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi, wato naira 8,000 a wata ga gidan da ke biyan 800,000, daga nan ake biyan magani da diyya idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. Masu ƙananan gidaje da yawa sai ranar da hannu ya shiga inji suke jin labarinsa.

Saura mutunci, wanda ba ya cin ko sisi amma shi aka fi rowa. Manajan da ke zagin uwar magidanci a gaban yara ya kori mutumin ko da bai tafi a ranar ba. Sau da yawa manajan ɗan uwan maigida ne, ba mai iya kai ƙararsa, don haka maigida ya riƙa zuwa da kansa da dare ko sau ɗaya a mako, ya zauna da su minti goma ba tare da manaja ba, ya tambayi abin da ya lalace da abin da ya kusa jawo rauni, sannan ya gyara ko guda ɗaya kafin zama na gaba. Idan ya ji bai gyara ba, karo na uku shiru za su yi masa. Kowa ya san tsanin da ke gabansa: daga shafa gwangwani zuwa yanka da aunawa, zuwa kwaɓi, zuwa tanderu, da ƙarin da ke kan kowane mataki. Doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, shafi ɗaya da Hausa ya wadatar. Banɗaki mai ruwa da sabulu, wurin alwala, tabarmar salla mai tsabta nesa da gari, da tsarin da zai bar su su yi asuba kashi biyu ba tare da burodi ya ƙone ba. Abincin dare ya zama abinci na gaske, shinkafa da wake ko tuwo, don wanda ya kwana yana shaƙar burodi ba ya ƙoshi da shi.

Lalube a bakin ƙofa yana zubar da girman mai gaskiya, ɓarawo kuma ta katanga yake miƙawa. Abin da ya fi kama sata shi ne ƙirga: buhu kaza ya kamata ya ba da burodi kaza, a ƙirga a bakin tanderu, a sake ƙirgawa a bakin mota. Sannan a yanka wa kowane ma'aikaci nasa rabon a fili, guda ɗaya ko biyu kullum, a rubuta shi cikin lissafin gida kamar yadda ake rubuta yis da leda. A ba shi daga gashin ranar, mai ɗumi, wanda zai shiga gida da shi yara su tarye shi a zaure, ba kwantan da mai shago ya dawo da shi shekaranjiya ba.